Daga tashin boko zuwa la'asar, a hannun wa yaran suke?

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya gani da idonsa ya yi magana. Maigidana ya rasu bana, na fita takaba, farkon wata mai kamawa zan koma bakin aikina a sakatariya. Yara uku ya bar mini. Babban shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Mai bi masa mace ce, shekara 11, tana aji shida. Autar shekara 4, ita ba ta dame ni ba, makarantarsu na riƙe ƙanana har ƙarfe 4 in an biya. Manyan ne damuwata. Ana tashinsu wajen ƙarfe 2, Islamiyya sai bayan la'asar, ni kuma ko na bar ofis ƙarfe 4 daidai, kafin in sami Napep in ɗauko auta in iso gida a Ƙofar Marusa, nan cikin Katsina, biyar ta gota. Alhamis da Juma'a babu Islamiyya gaba ɗaya. Da can shagon babansu na bakin layi, nan suke sauka su ci abinci su huta har a kira sallah. Yanzu shagon a rufe yake. Mahaifiyata na Mashi, dangin babansu na Funtuwa, mu kuma gidan haya muke, mu kaɗai. Masu irin halina, yaya kuke yi?

Hajiya Babba: Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Ɗiyata, mi ya hana ki ɗauko tsohuwarki ta zauna da ku? Mashi ai nan da nan ne. Ko ki nemi wata daga cikin ɗiyan dangi a ba ki. Mu da muka tashi cikin gari ba mu san wannan tambayar ba, yaro ya taso makaranta duk ɗakin da ya faɗa za a zuba mai abinci.

Maman Abba: Amin Hajiya, na gode. Babanmu yana raye kuma jikinsa ya yi nauyi, Inna ba za ta bar shi ba. Maganar ɗiyar dangi kuwa, an yi mini tayin wata 'yar shekara 12. Kin ga ai yaro na huɗu aka ƙara mini ke nan, ba mai tsaro ba.

Ɗan Ƙofar Guga: Anti, Allah ya ƙara haƙuri. Amma gaskiya ɗan shekara 13 ai ya wuce a ce ana neman mai tsaronsa. Ni ina wannan shekarun nake zuwa wajen wani tela bayan an tashi boko, da shi na yi kuɗin jarrabawa. Ki kai shi shagon gyaran waya ko ɗinki ko kafinta. Yarinyar kuma ta zauna gida ta kulle ƙofa, ai mace ce, ta ɗora girki kafin ki dawo.

Ummu Sadik: Tsaya ƙanena, a nan ne zan shigo. Ka ji yadda ka raba? Namiji a kai shi inda zai koyi abin da zai ci gaba da shi, mace a rufe ta a gida da tukunya. Ni aka yi wa haka. Babarmu ta rabu da babanmu ina aji biyar, ta kama sayar da atamfa a Babbar Kasuwa. Makullin gida a wuyana yake da zare, ƙarƙashin hijabi, don kar ya ɓace. In na dawo sai in hura wuta, in ɗumama na rana, in wanke kayan makarantar ƙannena don su bushe kafin gobe, in goya na ƙarshen in je ɗibar ruwa. Islamiyya kullum a makare nake zuwa, haddata ba ta taɓa zama ba, malam na yi mini kallon maras ƙwaƙwalwa. Ba na zargin babata, ba ta da yadda za ta yi. Amma duk wanda ya shigo gidanmu sai ya ce "kai, yarinyar nan akwai hankali", babu wanda ya taɓa tambayar yaushe nake buɗe littafi. Maman Abba, 'yarki tana aji shida, shekarar shiga sakandare ce. Duk shirin da za ki yi, kar ya zama ita ce shirin.

Ɗan Ƙofar Guga: Ban ce a hana ta karatu ba fa, Yaya. Aikin gida ai tarbiyya ne.

Ummu Sadik: Taya uwa aiki tana tsaye a kanki tarbiyya ne. Riƙe gida ke kaɗai da tukunyar gas kina shekara 11 wani abu ne daban.

Malamin Firamare: Bari in faɗi abin da nake gani daga bakin ƙofar makaranta, don a nan ne iyaye ba sa nan. Ana buga ƙararrawar tashi, cikin ɗan lokaci ƙananan sun watse, an zo an kwashe su. Waɗanda suke saura su ne 'yan aji biyar da shida, da 'yan ƙaramar sakandare da ke maƙwabtaka da mu. Ba sa sauri, don sun san babu mai jiransu. Za ka ga yaro ya cire rigar makaranta ya cusa a jaka, ya fito da wata da ya ɓoyo tun safe. Daga nan sai gidan gem, ko gidan kallo in ana maimaita ƙwallon jiya, ko ya tsaya wajen masu cajin waya yana leƙen abin da manya ke kallo. Ƙarfe huɗu saura sai ya mayar da kansa gida, ya ɗauki jakar Islamiyya, uwa ta dawo ta tarar da komai daidai.

Kuma ba da shaye-shaye ake farawa ba, wannan iyaye da yawa ba su gane ba. Da aike ake farawa. Wani babba a majalisar bakin layi ya ce zo ka sayo mini kaza, riƙe canjin. Gobe ma haka. Yaron da babu mai tambayarsa ina ka tsaya, ga wanda ya san sunansa yana ba shi ɗari biyu. 'Yan ƙauraye ba daga sama suke faɗowa ba, yawancinsu mun koyar da su a aji. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma kowa a garin nan ya san kayan maye ba su ƙare da wannan ba.

Ban faɗi haka don in tsorata ki ba, Maman Abba. Yaron da ya rasa uba bana, ya fi kowa buƙatar wani namiji babba da zai riƙa ganinsa kullum. Shi ya sa ban ƙi maganar koyon sana'a ba, in an sami mai shago na kirki.

Maman Ilham: To ba sai a sa su lesin ba? Makarantar yarana suna yi daga 2 zuwa 4, ana ƙara kuɗi kaɗan a kan na zango.

Malamin Firamare: Ina cikin masu yin lesin, don haka ba zan zage shi ba, amma mu faɗa wa juna gaskiya. Yaro ya fito gida tun kafin bakwai da rabi da koko a cikinsa. Ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu, zafin Katsina ya haura digiri 40, aji rufin kwano, babu fanka. Ki ce ya sake zama awa biyu yana lissafi, daga nan ya zarce hadda har magariba. Rabin ajin barci suke, ni ma da ƙyar nake. A matsayin wurin ajiye yaro, lesin ya fi titi nesa ba kusa ba. A matsayin karatu, kar a sa rai da yawa. In za a yi, a haɗa shi da abinci a kula da gorar ruwa, kuma a tambayi makarantar ko ana barin su su yi azahar su ɗan miƙe.

Anti Nas: Maman Abba, 'yar'uwa, ni bazawara ce, yara biyu, 12 da 10, kuma aikin asibiti nake, wanda ya fi naki rashin tsari, don wani satin safe ne, wani yamma, wani kwana. Na gwada hanyoyi kafin in tsaya a kan wadda nake kai yanzu.

Da farko na bar musu makulli da ƙaramar waya mai tocila, ina kira daga wurin aiki. Wayar ba ta gaya miki komai. "Kuna ina?" "Muna gida." Ran nan na dawo na tarar da tukunyar taliya ta ƙone har hannunta ya narke, gidan duk ƙauri, su kuma suna ƙofar gida suna wasa, sun manta sun ɗora. Allah ne ya tsare. A wurin aiki kuma ina ganin waɗanda ba a tsare ba, ƙunar ruwan zafi, ƙunar gas, yaro ya sha abin da aka zuba a gorar lemo.

Sai na koma wajen maƙwabciya, a kan mutunci kawai. Mace ce mai kirki. Amma tana sayar da awara, kuma da sannu 'yata ta zama mai kai wa shaguna. Na ji haushi, na rasa bakin magana, don alfarma ake yi mini.

Yanzu ga yadda muke. Akwai wata dattijuwa a layinmu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, gidanta na da inuwar darbejiya da tabarmi. Na je na same ta da goro da sabulu, na ce Baba aiki na zo ba ki, ba alfarma na zo nema ba. Muka yanke abin da zan riƙa ba ta duk wata, kuma ina aika awo, shinkafa da wake da mai, tana dafa musu tare da nata. Sharaɗi uku na kafa tun ranar farko: ba a aikensu waje, in ƙarfe 2 da rabi ta yi ba su iso ba ta kira ni, kuma ita ke sallamarsu zuwa Islamiyya. Ranar da nake kwana a asibiti a wajenta suke kwana. Ita ta sami abin cefane da masu ɗebe mata kewa, ni na sami kwanciyar rai. Yanzu har wata ma'aikaciyar banki ta kawo nata biyu.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Yau maƙwabtaka ta koma ta kuɗi? Ni dai kunya za ta hana ni amsar ko kwabo don na duba ɗiyan maƙwabciyata, balle marayu. Ladan fa?

Anti Nas: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ladanta na nan, kuɗin ba ya cinye shi. Amma a lokacinku mudun shinkafa nawa ne? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai har ta wuce 1,000, komai ya bi ta. Dattijuwar da ba ta da albashi, a ce ta ciyar da yara biyu masu cin tashi kullum don Allah? Wata biyu za ta yi ta fara ɓoye tukunya, ta fara ce musu yau ba ta jin daɗi. Ba mugunta ba ce, babu ce. Kuma abin da na fi so a biyan shi ne ina iya tambaya. In na ga abin da bai yi mini ba, zan faɗa ba tare da an ce ban da godiya ba.

Hajiya Babba: To, zamani riga ne. Amma a ba ta a matsayin kyauta, kar a ce mata albashi, dattijuwa ba ta son haka.

Anti Nas: Wannan kuma gaskiyarki ne. Ni ma "kuɗin goro" nake ce masa, sai dai ranarsa ba ta wucewa.

Baban Hanifa: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba, don zaure kusan na mata ne, amma a san cewa akwai mu. Ina Daura, matata ta rasu wajen haihuwa, ta bar mini mata biyu, 13 da 9. Direba ne ni, Daura zuwa Kano, wani lokaci Katsina. In na fita da asuba ba ni da tabbacin lokacin dawowa, sai yadda lodi ya kama.

Abin da Anti Nas ta yi, ni ba zan iya shi kai tsaye ba. Ba zan shiga gidan matan aure in zauna in yanke sharaɗi ba, sai dai ta bakin mijin, shi kuma ya ce "ba komai, ai 'ya'yanmu ne", magana ta mutu a zaure, matar da za ta yi wahalar ba a ma tambaye ta ba. Ƙanwata ce take riƙe su da rana a gidan mijinta can wajen Kusugu, in na dawo in biya in ɗauke su. Ita ma tana da nata biyar. Na san babbar tawa aiki take yi a can kamar baiwa, amma in na yi magana zumunci zai lalace. Kuma ta kai lokacin da akwai abubuwan da ba za ta iya faɗa mini ba, ni ma ban san yadda zan tambaya ba.

Kowa maganarsa ɗaya, ka yi aure. Kamar ana sayo uwa a kasuwa.

Ɗan Ƙofar Guga: Amma Baba ai ita ce mafitar. Ga zawarawa ga gwauraye a zaure ɗaya, a haɗa kawai a huta.

Mai kula da zaure: Ɗan Ƙofar Guga, a kiyaye. Baiwar Allah ba ta daɗe da fita takaba ba, shawarar yara ta nema. A tsaya a kan magana.

Ummu Sadik: Baban Hanifa, Allah ya dafa maka. Abu ɗaya: ka riƙa ba ƙanwarka wani abu a hannunta ita kanta, ba ta hannun mijinta ba, ka ce na yaran ne. Kuma ka nemi wata daga dangin mahaifiyarsu, inna ko kaka, ta riƙa zama da babbar ko sau ɗaya a sati. Akwai maganar da sai mace.

Maman Ilham: Ni kam da ni ce Maman Abba, makarantar kwana zan kai babban, ita ma yarinyar in ta gama aji shida ta bi shi. An huta da zancen rana gaba ɗaya.

Maman Abba: Na yi wannan tunanin. Amma tun abin Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashi yara sama da 300 daga makarantar kwana cikin dare, zuciyata ba ta kwanta da ita ba, ko da ta cikin gari ce. Kuma yaron nan bana ya ga an fita da babansa. In na ɗauke shi na kai shi wani wuri, gani zai yi kamar ni ma na gaji da shi.

Malamin Islamiyya: Allah ya gafarta wa mamatanmu. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, na haƙƙi, kuma yana shafar aljihu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kamar yadda ya zo a Risala, riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta yi wani auren ko ta rasu, riƙon yana komawa wajen kaka ta wajen uwa, sannan innarsu. Amma ciyarwa a kan uba take, ko da yaran suna hannun uwa. Don haka bazawara irin Anti Nas, bai kamata a ce ita kaɗai ke ɗauke da duk wannan ba alhali uban yana raye yana da hali. Mata da yawa suna barin haƙƙin nan don tsoron kar a ce to kawo yaran. A sani cewa neman ciyarwa ba ya zubar da riƙo.

Maman Abba kuwa, naki daban ne. Marayu ana ciyar da su daga abin da suka gada in akwai. Ke kina da tumuni, ɗaya bisa takwas, sauran bayan an fitar da rabon iyayen mamaci in suna raye na yaran ne, kuma halal ne a yi musu hidima da shi gwargwadon buƙata. Kin ambaci shago a rufe. In nasa ne, ko akwai kaya a ciki, a yi maganar da wuri, kar ya zauna a rufe yara na buƙata. Baffanninsu a mazhabarmu alƙali ba ya tilasta musu ciyarwa, amma a tuna musu da hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai riƙon maraya za su kasance a Aljanna. Wanda ba zai iya ɗaukar yaro ba, zai iya ɗaukar kuɗin abincin rana.

Anti Nas: Malam, Allah ya saka. Na sani, na kuma je inda ake zuwa. An yanke, ya biya na ɗan lokaci, ya daina. Komawa kuma ranar aiki ce guda za ki rasa, da kuɗin mota. Na bar shi da Allah. Amma ni tambayata gare ku ce, malaman Islamiyya: me zai hana ku buɗe ƙofa tun ƙarfe 2? Ga azuzuwa a rufe, ga tabarmi, ga wurin alwala. Yaro ya taso boko ya zarce can, ya ci abincinsa, ya yi sallah, ya ɗan kwanta, la'asar a fara karatu.

Malamin Islamiyya: Tunani ne mai kyau, amma ki san su waye malaman. Ni da safe ina koyarwa a boko, wani yana kasuwa, malamai matan suna gidajensu suna girki. Abin da ake ba mu a wata bai isa kuɗin Napep ba, kuma rabin iyaye ba sa biyan kuɗin watan a kan lokaci. Buɗe ƙofa ba wuya, wanda zai zauna ne babu. Kuma in aka tara 'yan shekara 12 da 14 maza da mata babu mai tsayawa a kansu, gara suna gida. In iyaye goma za su haɗu su ce ga abin da za mu riƙa ba malama ɗaya da malami ɗaya don waɗannan awa biyun, ni zan kai maganar gaban shugaban makarantarmu da kaina. Amma a fara da kuɗin a hannu, kamar adashe, ba alkawari ba.

'Yar Katsina a Ingila: Ina bin ku daga nesa. Abin da Anti Nas ta kawo shi ne ake yi a nan. Ana tashi firamare wajen ƙarfe 3 da 'yan mintuna, makarantu da yawa suna da wurin da yara ke zama har wajen 6, ana ba su ɗan abin taɓawa, su yi wasa ko aikin gida. Biya ake yi, kuma da tsada, sai dai mai ƙaramin ƙarfi da ke aiki gwamnati na iya mayar masa da har kashi 85 cikin 100 na abin da ya kashe, zuwa wani iyaka. Amma kar ku ɗauka mun huta. Da yaro ya shiga sakandare a shekara 11, irin wannan wurin sai ya yi wuya, sai ka ga yaro da makulli a aljihu shi ma. Dokarsu ba ta yanke shekarar da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma in wani abu ya same shi uwar za a kama. Ku kuna da Baba mai inuwar darbejiya, ni maƙwabcina ko sunansa ban sani ba.

Maman Ilham: Mu da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, wa zai mayar mana da kashi 85? A bar mu da adashenmu.

Malamin Firamare: Akwai abin da duk muka tsallake. Muna ta maganar awa biyu, alhali akwai dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ofis kuwa ba ya hutu. A azumin 2025 ma an rufe makarantu a jihar nan, ma'aikata suna zuwa aiki. Duk shirin da aka yi a kan 2 zuwa 4 rushewa yake a irin wannan lokacin, don yini guda ne cur. A nan ne dangin Funtuwa da na Mashi za su yi amfani. Yaro ya je hutu wajen baffanninsa, ya san gidansu, su ma su san nauyinsa. Kar a jira sai an yi hutun a fara kiran waya.

Anti Nas: Ƙari ɗaya, kuma ina faɗa ne daga abin da ake kawo mana asibiti. Yaran da ake lalatawa, mafi yawan waɗanda na gani ba baƙo ne ya yi ba, wanda aka sani ne, mai shiga gidan ba sallama. Kuma ba mata kaɗai ba. Duk gidan da za ki ajiye yarinya, ki san su waye mazan da ke shiga da rana, samarin gidan, almajirin gidan, mai kawo ruwa. Duk shagon da za ki kai yaro, ya zama a buɗe yake ana ganin ciki daga titi. Ki kuma saba musu da cewa in sun faɗa miki abu ba duka za su sha ba.

Maman Abba: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Jiya na je wajen wata tsohuwa a bayan layinmu, wadda ta yi mana wankan jego lokacin auta. Ta amince da yarinyar, har ta ce in kawo autar ma ranar da na makara. Na bi shawarar Hajiya, ban ce mata albashi ba. Abba ne ya ƙi. Ya ce shi ba zai zauna cikin mata ba, abokansa za su yi masa dariya. Da na matsa sai ya ce in ba shi makullin shagon babansa ya riƙa zama a can. Na rasa abin da zan ce masa. Shagon haya ne, kuma mai shi ya riga ya yi magana. Akwai wani aminin babansu mai gyaran waya a kusa da Ƙofar Ƙaura, ya ce in turo shi. Amma nesa ne da Islamiyyarsu.

Ɗan Ƙofar Guga: Kin gani ko, Anti? Na faɗa. Ki bar shi ya je, ki nema masa keke ko na hannu ne.

Malamin Firamare: Kar ki tura shi, ki kai shi da kanki, kuma ki tafi da namiji daga danginku ko na babansa don mai shagon ya san yaron na da mutane. Ki zauna ki ga su waye ke zama a bencin ƙofar shagon, don su ne za su yi renonsa fiye da mai gidan. Shagon waya kuma akwai abin da ake turawa a wayoyin mutane, ki faɗa masa ƙarara ba ki yarda yaron ya riƙa buɗe wayar kowa ba. Maganar nisa, a fara da Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, a ga kamun ludayinsa.

Maman Abba: To sauran ranakun fa, Litinin zuwa Laraba? Nan ne ban da amsa.

Malamin Islamiyya: Wace Islamiyya yake zuwa? Ki turo mini ta gefe. In akwai masallaci a jikinta, yawanci ladan ko mai gadi ba sa barin wurin tsakanin azahar da la'asar. Zan tambaya ko akwai wanda zai yarda yaron ya riƙa zama kusa da shi, ke kuma ki haɗa shi da abincinsa.

Baban Hanifa: Malam, in hakan ya yiwu a sanar da mu a nan. Akwai direbobi biyu a tasharmu masu irin wannan matsalar, ɗaya yaransa maza ne duka.